Wace mai kitso muka gina wa bene?

Ranar Asabar na kai 'yata Indiana Avenue, a nan Indianapolis ta Amurka, ta ga ginin Madam C.J. Walker, baƙar fatar da ta yi arziki da sana'ar man gashi. Bene ne mai hawa huɗu, na bulo, gabansa a tsuke kamar yankan kankana saboda yadda tituna biyu suka haɗu a wurin, ga ado irin na Afirka a jikinsa. A 1927 aka kammala shi, shekara takwas bayan rasuwar matar. Muna tsaye sai yarinyar ta ce, "Mama, mu a Kano wace mai kitso aka gina wa irin wannan?" Na rasa ta cewa. Har muka koma gida maganar tana cina.

Matar nan fa ba da gata ta tashi ba. Sarah Breedlove ce sunanta na yanka, an haife ta a Louisiana a 1867, iyayenta bayi ne da aka 'yanta. Maraici tana shekara 7, aure a 14, takaba a 20, sai wankau a St. Louis. Da gashinta ya yi ta zuba ta fara tallan man gashin wata 'yar kasuwa, Annie Malone (ita ba a cika ambatonta ba, alhali ta riga ta), daga baya ta haɗa nata, ta koyar da dubban mata baƙar fata suna bi gida-gida suna sayarwa.

Mu kuwa fa? Mace ta wuni a sunkuye tana yarfa shuku, a ƙarshe a tsaya ana yi mata tayi kamar ana cinikin tumatir. Na yarda, su ma nan ba don Allah suke girmama Walker ba, don ta yi kuɗi ne. Amma ko kuɗin ai mu muke hana namu yi.

Kuma kada a ce ilimin gashi ne ba mu da shi. Karkashi da man shanu kakanninmu suka sani tun kafin a haifi Walker, man kaɗanyar da muke rainawa shi ake ɗurawa a 'yar kwalba nan a tsawwala masa kuɗi.

Tsohuwar layinmu da ta yi mini kitso shekara goma, kaina a cinyarta, tana tsaga da tsinke tana ba ni labarin unguwa, ban ma san cikakken sunanta ba. Inna kawai muke ce mata. Yanzu ni nake yi wa yarinyar da kaina daren Lahadi, tsagar duk a karkace, tana kuka ina ba ta haƙuri.