Wankan kare a Legas ba irin na gida ba ne

A ƙauyukan Arewa da wuya ka ga mafarauci ko makiyayi ya ɗauki soso da sabulu yana wanke kare. Karen gida gajeren gashi gare shi, iska busasshiya ce, ya yi birgima a rairayi ya kakkaɓe, shi ke nan. A Legas kuwa 'yan'uwanmu masu gadi a Lekki, Ikoyi da Ikeja sukan tarar wankan kare na cikin aikinsu, kuma karnukan ba irin namu ba ne. Akwai Boerboel, akwai Alsatian, akwai Caucasian mai gashi kamar tunkiyar Turai, dabbar ƙasar sanyi da aka kawo inda laima ba ta ɗagawa. Daga Afrilu zuwa Oktoba ana cikin ruwan sama, gashin ba ya bushewa da kansa, sai wari da ƙaiƙayi.

Ni dai a ganina rashin wankan na Arewa ya fi irin wankan da ake yi a nan sauƙin illa. Abin da aka saba shi ne a ɗebo Omo ko sabulun wanki, a tsiyaya Dettol ko Izal a bokiti, wani ma ya ɗiga Sniper don kaska. Fatar kare ta fi ta mutum siranta, kuma maiƙon da ke kanta shi ne garkuwarta. Omo yana kwashe maiƙon kakaf, fata ta bushe, kare ya yi ta susa har ya yi gyambo. Izal da Dettol suna ƙona fata, ga shi kare yana lasar jikinsa, duk abin da aka shafa masa cikinsa zai ƙare. Sniper kuwa guba ce tsagwaronta: dalala, amai, rawar jiki, wani lokaci mutuwa. Namu na gida ma ba su tsira ba, don masu shafa wa kare baƙin mai ko kananzir saboda ƙazwa duk kanwar ja ce.

Sabulun salo fa? Ana samunsa ko'ina, Yarbawa na ce masa ose dudu, amma da toka ake yin sa, yana da kaifi. Sau ɗaya idan kare ya shiga kwata ba laifi, a narka kaɗan a ruwa mai yawa. Ba na kullum ba ne.

Haɗin da ya fi dacewa da ot ake yi, irin Quaker Oats ɗin nan na karin kumallo, wanda ba sukari ba madara. A auna gwangwanin madara ɗaya da rabi, a niƙa a bilenda ya yi laushi kamar fulawa. Gwajinsa shi ne a zuba cokali ɗaya a kofin ruwa: idan ruwan ya yi fari kamar madara ya niƙu, idan ya kwanta a ƙasa a sake niƙawa, in ba haka ba tsakinsa zai maƙale a gashi. A ƙara rabin gwangwani na bekin soda, ita ke kashe wari. Ba bekin foda ta kek ba, kada a rikita. Sai ruwa lita ɗaya, wato leda biyu ta fiya wata, mai ɗumi-ɗumi yadda za a yi wa jariri wanka. Haɗin ba ya kumfa, kuma rashin kumfar ba aibi ba ne. Idan karen ya yi maiƙo da yawa a sa cokali biyu na shamfu na jarirai marar turare.

Kafin ruwa ya taɓa shi a taje gashin, don wanda ya cukurkuɗe idan ya jiƙe ƙara ɗaurewa yake. A sa auduga a bakin kunnuwa. A jiƙa daga wuya zuwa wutsiya, a cuɗa haɗin har ya kai fata, musamman hammata, ciki da tsakanin yatsu, a bar shi minti 5 zuwa 10. Fuska da jiƙaƙƙen tsumma ake goge ta. A ɗauraye har ruwan ya fito garau, domin ragowar ot a gashi tsami yake yi. Abin da ya rage a roba ma a zubar, ba ya kwana, balle ga wutar da ba ta da tabbas da za a ce a ajiye a firiji.

Inda aka fi yin kuskure shi ne busarwa. A Kano rana ce za ta gama aikin cikin ɗan lokaci, a Legas kuwa saman gashi ya bushe, ƙasansa na jiƙe har gobe, daga nan jajayen gyambuna masu tsatstsafo ruwa ke fitowa. Don haka da hantsi ake wankan, ranar da ba hadari. A goge da tawul biyu, a taje, a ɗaure shi kan siminti inda iska ke kaɗawa. Kada a bari ya kwanta a ƙasa ko yashi mai inuwa, musamman inda ake fitsari, don nan wani ƙuda ke zuba ƙwai, tsutsar ta huda fata ta yi ƙurji mai ɗan rami a tsakiya.

Sau ɗaya a sati uku ko huɗu ya wadatar, ɗan kwikwiyon da bai kai sati 8 ba kuma gogewa kawai ake masa. Haɗin nan ba ya kashe kaska ko ƙuma, kuma kaskar kare a tsagar bangon ɗakinsa take ɓuya, ko an wanke shi yau gobe za ta hau. Wannan da ƙazwa sai likitan dabbobi, shi zai auna nauyin karen ya ba da magani daidai da shi.