An bar jaki ana dukan taiki a batun korar ma'aikata

Tun da Shugaba Tinubu ya ba da umarni a watan Yunin 2024 cewa ma'aikatan da suka tsallake zuwa ƙasashen waje suna ci gaba da karɓar albashi su dawo da kuɗin, wata tsohuwar magana ta sake tasowa, har yau kuma ba ta lafa ba. A rediyo, a Facebook, a teburin mai shayi, kira ɗaya ake yi: wai dokokin aikin gwamnati sun yi wa ma'aikaci gata da yawa, a sassauta su yadda minista ko gwamna zai iya korar malalaci nan take, kamar yadda mai kamfani ke yi. Wannan magana tana ƙona mini rai, domin masu yin ta ko dai ba su taɓa buɗe kundin dokokin ba, ko kuma sun san wuƙar da suke son a miƙa musu.

Kundin bai hana kora ba. Ƙin zuwa aiki ba tare da izini ba babban laifi ne a cikinsa, kuma yana iya kai mutum ga kora, haka cin hanci da sauya takardu. Hanyar ma a fili take. A ba ma'aikaci takardar tuhuma, wadda 'yan ofis ke kira kwari, ya kare kansa, kwamiti ya zauna, in ta kama a dakatar da shi a kan rabin albashi, a kammala komai cikin kwana 60 muddin ba laifin da ke gaban kotu ba ne. Mutumin da ya shekara biyu a Ingila albashinsa na shiga, ai ba doka ce ta ɓoye shi ba. Wani ke sa masa hannu a rajista, wani shugaban sashe kuma kullum yana wuce kujerar ba kowa ya kau da kai. Umarnin shugaban ƙasa ya ce a hukunta irin waɗannan shugabanni, amma wannan ɓangaren ne masu kururuwar ba sa maimaitawa.

Na taɓa yin wata uku ina sintiri a wata ma'aikata ina bin fayil ɗin fanshon kawuna. Jami'in da zai sa hannu, hularsa na kan tebur, fanka na juyawa, masinja kuwa amsarsa ɗaya ce kullum: oga ya ɗan fita. Wata akawu da ta gaji da ganina ta yi ƙasa da murya ta ce, "Malam, ka yi haƙuri. An taɓa ba shi kwari, washegari aka bugo waya daga sama, wanda ya rubuta takardar aka tura ƙauye." Kawun nawa ya ba gwamnati shekara 35 na rayuwarsa, yana gida yana cin bashin kuɗin magani.

Mai uwa a gindin murhu ba ya cin tuwo gaya, kuma babu misalin da ya kai na Abdulrasheed Maina, tsohon shugaban kwamitin gyaran fansho. An kore shi a 2013 saboda gudu daga aiki alhali ana nemansa kan kuɗin fansho. A 2017 sai ga shi a Ma'aikatar Harkokin Cikin Gida yana riƙe da kujerar darakta, sai da jama'a suka yi ca kafin Buhari ya ce a sake korarsa. A 2021 kotu ta ɗaure shi shekara takwas. Doka ta yi aikinta tun farko, manya ne suka shigo da shi ta taga.

Korar nan take kuwa mun gwada ta, mun ga ƙarshenta. Janar Murtala, Allah ya jiƙansa, da kyakkyawar niyya ya sallami ma'aikata sama da 10,000 a 1975, wasu a rediyo suka ji sunansu. Ɓarayi sun tafi, amma da su aka haɗa waɗanda laifinsu kawai wani ba ya son su. Abin da na baya suka koya shi ne kujera ba ta da tabbas, kowa ya yi tanadin ranar da za a kira sunansa. Dokar soja ta 17 ta 1984 ta zo ta ƙara da toshe wa korarrun ma'aikata hanyar zuwa kotu. Yanzu a ɗauki irin wannan iko a danƙa wa gwamnonin yau. A Kano a 2023 an dakatar da albashin ma'aikata sama da 10,000 da gwamnatin da ta gabata ta ɗauka a ƙarshen mulkinta, daga baya aka maido da mafi yawansu. In ana iya haka alhali akwai shinge, me za a yi idan an cire shi? Wane akanta ne zai ce wa kwamishina wannan kuɗi ba za su fita ba, in ya san kafin la'asar za a miƙa masa takardar sallama?

Masu kafa hujja da malaman firamare 21,780 da aka sallama a Kaduna bayan jarrabawar 2017 su fara gaya mana hukuncin da aka yi wa waɗanda suka ɗauke su aiki. Masu cewa kotu ce ke maido da korarru kuma su sani, tun shari'ar Shitta-Bey a 1981, wani lauyan gwamnati da Kotun Ƙoli ta ce a maido bakin aiki, abin da kotu ke tambaya ke nan: an bi ƙa'ida? Gwamnati ce ke tsallake matakai cikin gaggawa ta sha kaye, sannan a biya albashin shekaru daga aljihun talaka.

In gyara ake so da gaske, a fara daga sama. Shugaban da ma'aikacinsa ya ɓace wata guda bai rubuta ba, shi ma a ba shi kwari. A tilasta wa'adin kwana 60, Hukumar Kula da Ma'aikata ta riƙa bayyana yawan waɗanda aka hukunta da matakinsu, mu ga ko akwai darakta a ciki ko duk masinjoji ne da direbobi. Wanda kuma ya bugo waya don a janye tuhuma, a rubuta sunansa da ranar da ya kira a cikin fayil.