Shanun da ke jikin duwatsun Birnin Kudu

Da an ambaci Birnin Kudu, abu biyu ke fara zuwa bakin mutane: Kwalejin Gwamnati wadda Aliko Dangote ya gama a 1978, da kuma babban asibitin tarayya. In mai maganar ɗan siyasa ne sai ya ƙara da Bamaina, garin su Sule Lamido. Duk gaskiya ne, ba na musu. Amma ni a ganina abin da ya fi komai daraja a ƙaramar hukumar nan yana jikin duwatsun da ke gefen gari, waɗanda motocin Kano zuwa Maiduguri ke wucewa ko waiwaye ba a yi.

A Dutsen Mesa da Dutsen Habude, ƙarƙashin manyan duwatsun da suka yi rumfa, akwai zanen shanu da mutanen da suka bari. In kun je ku tsaya ku duba da kyau: shanun ba su da tozo! Ga ƙaho nan, ga ƙafafu, amma gadon baya a miƙe yake sumul. Yau ko yini ka yi kana zaga kasuwar dabbobi ta Maigatari, da wuya ka ci karo da sa marar tozo. Irin waɗannan sai dai muturu a kudancin ƙasar nan, ko kuri a bakin tafkin Chadi. Ke nan masu zanen sun yi kiwo a wannan ƙasa tun ana kiwon wasu irin shanu daban da farare da jajayen da muka tashi muka gani a hannun Fulani. Ba su bar mana takarda ba, ba mu da waƙarsu, wannan zanen ne kaɗai shaidarsu.

Kusa da zanen kuma akwai duwatsun kiɗa. Ka ɗauki ɗan dutse ka buga, sai ka ji ƙara kamar ta ƙarfe, kowane gefe da irin muryarsa. Inda aka fi bugawa har ya lotsa ya yi santsi. Shekara nawa hannu zai yi yana dukan dutse kafin ya yi masa rami? Bernard Fagg, Baturen da ya kafa gidan tarihi na Jos, shi ya yi rubutu a kansu a shekarun 1950, daga nan masana na waje suka san da su. Daga baya gwamnatin tarayya ta sa wuraren cikin kayan tarihi na ƙasa.

Na san abin da wasu za su ce: ai kayan jahiliyya ne, me za mu yi da su? Malam, ba wanda ya ce ka je ka yi yanka ko ka roƙi dutse. Alƙur'ani kansa ya ce mu yi tafiya a bayan ƙasa mu ga yadda ƙarshen waɗanda suka gabace mu ya kasance. Kuma mu ne dai muke jin haushi idan aka ce Bahaushe bai da tarihi sai na baka.

Abin da nake tsoro bai wuce biyu ba: saurayi mai gawayi ko fenti da zai rubuta sunansa da na budurwarsa a kan zanen, da mai fasa dutse da yake ganin tifa goma na tsakuwa a inda wani ke ganin tarihi. Zanen nan in ya goge ya tafi ke nan, ba mai dawo da shi.

Jigawa ta samu jiha tun 1991. Ya kamata a ce zuwa yanzu duk ɗan firamare na Birnin Kudu, da na maƙwabta irin su Gwaram da Buji, an taɓa kai shi ya buga dutsen nan da hannunsa. Motar haya ɗaya da malami ɗaya sun isa. Shugabannin makarantu, wa zai fara a zangon karatu mai zuwa?