Wardi a bakin hita

Kun dai san tsohuwar Baturiyar nan da muke katanga ɗaya a Manchesta. A watan Oktoba ta yanko mini rassan wardinta masu kaurin fensir, ta ce in soke su a tukwane, in bar su a waje jikin bango har sanyi ya wuce. A waje fa! A garin da rana ke faɗuwa kafin ƙarfe 4 a Disamba, raɓa ta daskare a gilashin mota. Ni 'yar Kano da ko hunturun gida sai da garwashi nake kwana, na ce wannan rashin imani ba da ni ba. Na kwaso su na jera a bakin hita, na ɗaura wa kowace tukunya tsohon ɗankwali, ruwa kuwa safe da yamma.

Kafin ka ce kwabo sai ga ganye, dogaye, fari-fari. Har hoto na tura muku.

Ranar da Maman 'yan biyu ta zo, na kira tsohuwar ta ga ikon Allah. Ta shigo, ta gyara tabarau, ba ta ce uffan ba. Ta sa yatsu biyu ta ɗaga reshe ɗaya. Ya fito sumul. Ko saiwa ɗaya babu, gindin ya yi baƙi, sai wari. Ta kama na biyu. Sumul. Ina tsaye riƙe da tiren shayi, na washe baki, na kuma kasa rufewa. Ta kama na uku, jama'a! Sannan a hankali, kamar likita na yi wa dangin majiyyaci bayani, ta ce sanyin ne ke sa reshen barci har ya samu ya yi saiwa. Zafi ya ruɗe shi, ya ƙarar da ɗan abincin jikinsa wajen fid da ganye, ruwa kuma ya ruɓar da gindin. Tukunyar kawai ake naɗewa da ledar nan mai ƙuraje da yara ke fasawa, don kada ƙasar ciki ta daskare. Ta shafa ɗankwalin ta ce yana da kyau.

Maman 'yan biyu kuwa dariya har da dukan cinya. "Yaya, ai da kin haɗa musu da safa da man zafi!" Ita fa da furannin falonta duk na roba ne, su ma ƙura ta cinye su. Kuma kular da ta ara tun bikin suna har yau shiru. Duk sanda na tambaya sai ta ce tana but ɗin mota. Motar ma sun sayar da ita tun bara.

Tukwanen dai suna bayan ƙofa. Baban yara ya ce a shuka attaruhu, ban tanka masa ba tukuna.