Tsokar da ba ka mora, jiki ba zai ci gaba da ciyar da ita ba

'Yan'uwana matasa, akwai asarar da take fara wa mutum yana tsakiyar ganiyarsa, kuma ba ya jin zafinta. Daga shekara 30 tsokar jiki kan fara raguwa, kimanin kashi 3 zuwa 8 cikin 100 a duk shekara 10, bayan 60 kuma abin ya ƙara gudu. Dattijon da kuka ga sai ya dafa gwiwoyinsa da hannu biyu, ya yunƙura, ya sake yunƙurawa kafin ya miƙe daga kujera, ba ranar abin ya same shi ba.

Allah cikin hikimarsa ya yi wa tsoka masu gyara a jikinta. Tsoka zare-zare ce siririya, a ɗaure dami-dami. A gefen kowane zare akwai wasu ƙwayoyin halitta da ke kwance shiru, waɗanda wani masani, Alexander Mauro, ya gano a tsokar kwaɗo a 1961. Idan ka yi aikin ƙarfin da jiki bai saba ba, zaren kan ɗan tsattsage. Sai wurin ya kumbura, fararen ƙwayoyin jini su zo su kwashe abin da ya lalace, sannan waɗancan masu kwanciyar su farka, su hayayyafa, su manne da zaren su cike gurbin. Tsamin jikin da kake ji kwana 1 zuwa 3 bayan motsa jiki, har sauka daga matakala ya zama aiki, alamar wannan hidimar ce. In ka ba ta barci isasshe da abinci mai gina jiki, tsokar kan dawo da ƙarfin da ya fi na da.

To a nan ne nake da magana da masu ɗaga ƙarfe. Gyaran nan a lokacin hutu yake faruwa. Wanda ya dage yana gallaza wa tsoka ɗaya kullum, yana danne ciwo da ƙwayar kashe zafi, yana rusa gini ne tun siminti bai bushe ba. Idan yagewar ta yi yawa, tabo ne ke maye gurbin, tabo kuwa ba ya motsi, ba ya ɗaukar kaya. Wanda kuma ya ga fitsarinsa ya koma ja-ja baƙi-baƙi bayan atisaye mai tsanani, ga ciwon jiki ga kasala, ya nufi asibiti a ranar, domin abin da tsoka ta zubar cikin jini na iya lalata ƙoda. Allurai da ƙwayoyin kumbura ƙwanji kuwa, ku bar su. Suna taɓa zuciya da hanta, suna ƙanƙantar da maraina, suna rage haihuwa. Wane hoto ne ya kai wannan tsada?

Amma gaskiya mafi yawanmu ba wuce gona da iri ne matsalarmu ba, zama ne. Jiki ba ya ciyar da tsokar da ba a mora. Shi ya sa 'yan sama jannati a tashar sararin samaniya, inda jiki ba ya jin nauyi, ke motsa jiki kusan awa 2 kullum. Kuma tsoka ce ke ɗauke mafi yawan sukarin da ke shiga jini bayan cin abinci, saboda haka wanda ya bar tasa ta zaizaye ya buɗe wa ciwon suga ƙofa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a yi atisayen ƙarfafa tsoka aƙalla kwana 2 a mako. Tsugunnawa da miƙewa ma atisaye ne, ba sai da kayan aiki ba.

Sannan ku duba iyayenku. Da tsufa, masu gyaran nan kan ragu, su yi nawa wajen aiki, don haka doguwar kwanciyar jinya tana cinye tsoho da sauri: a wani bincike, dattawa masu lafiya da aka kwantar kwana 10 sun rasa kusan kilo 1 na tsokar ƙafa. Cewa "Baba zauna, kada ka motsa" tausayi ne, amma ba kullum yake zama alheri ba. A 1990, a wani gidan kula da tsofaffi a Boston ta Amurka, an sa masu shekara 90 da kewaye ɗaga nauyi da ƙafa na mako 8, ƙarfin ƙafarsu ya ninka fiye da biyu. In likita ya amince, ku riƙe hannunsu su taka, su tashi daga kujera su zauna sau da dama a yini, ku kuma lura da abin da suke ci.