Wai kan ne baya ɗauka, ko dai hanyar ce ba daidai ba?

Shekaranjiya da daddare na tarar da ƙanwata a tsakar gida, an ɗauke wuta, ta kunna fitilar waya ta buɗe ƙamus na turanci tana ta kwafe kalmomi a littafi. Jarabawar JAMB ta matso, wai ta yanke wa kanta kalma 50 kullum. Na karɓi littafin na buɗe shafin ranar Litinin na tambaye ta guda goma, uku kacal ta iya. Kawai sai hawaye, tace yaya ni fa kaina ne baya ɗaukar karatu. Wallahi maganar nan ta tsaya min a rai, don yarinyar nan izu 20 gare ta a ka.

Sai nace mata to faɗa min haruffan idgami. Kafin in rufe baki tace yarmaluna. Na ƙalƙala fa? Tace ƙuɗubu jaddin. Nace yaushe aka koya miki? Tace tun tana aji uku a islamiyya, wajen shekara takwas kenan. Abin da aka koya miki shekara takwas baya yana nan daram, na ranar Litinin kuma ya gudu, kice min kanki ne?

Jama'a ni a ganina mun raina abin da muke da shi a gida. Malaman tajwidi ba su ce wa yaro haddace ya, ra, mim, lam, wau, nun ɗaya bayan ɗaya ba, sai suka ɗaure haruffa shidan a kalma guda mai daɗin faɗa, ka riƙe kalmar ka riƙe su duka. Haka a nahawu, haruffa huɗun da fi'ili mudari'i yake farawa da su an dunƙule su a "anaitu". Ku duba tsangaya ma, tun daga babbaƙu, harafi baya zuwa wa yaro tsirara, sai an bashi suna mai hoto, ba guje, mim jaye, ain baki wofi, ain likkafa. Duk wanda ya taɓa ganin likkafar doki ya kalli ainun tsakiyar kalma zai gane dalilin sunan, kuma ba zai sake mantawa ba har ya tsufa. Wanda ya ƙirƙiro sunayen nan ya san yadda kan yaro yake aiki, ko a faɗa ko kar a faɗa.

Ga kuma waƙa. Ibn Malik, wanda ya rasu a Dimashƙa a 672 bayan hijira, ya zuba nahawun larabci a baiti wajen 1000, yau sama da shekara 700 da rasuwarsa har yanzu ana rera wannan waƙa tasa, Alfiyya, a zaurukan Kano da Zariya da Sakkwato. Tuhfatul Aɗfal ta Jamzuri da yaranmu suke rerawa baiti 61 ce. Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu ta jera sunayen surorin Alƙur'ani 114 a gajeriyar waƙa, kuma da waƙa jajinta, wato malamai matan da ta horar, suke kai karatu ƙauyuka wajen matan da ba su da littafi a hannu. Amsa-amo da kari sune suke tsare maka layi, in ka manta kalma ɗaya sautin baitin zai jawo maka ita. A boko ma ai duk wanda yayi sakandare a Najeriya yana tuna MR NIGER D na bayoloji ko da ya manta fuskar malamin. To me yasa in aka zo koyon kalmomin turanci ko faransanci sai mu ajiye duk wannan mu koma kwafar ƙamus kamar horo?

Abin da muka yi a daren kenan. Na ɗauki kalma ɗaya cikin waɗanda ta faɗi, gullible, mutumin da ake yaudara cikin sauƙi, nace da me tayi kama a kunnenki? Tayi shiru can tace gulbi. Nace yauwa, to ki hango mutum a tsakiyar gulbi da damina, ruwa duk inda ya ja shi nan yake bi, ko turjewa baya yi. Tayi dariya hawayen bai ma bushe ba. Banal kuma ita da kanta tace ai banza ce, zancen banza da kowa ya saba ji. Kuma na lura wanda ta haɗa da kanta yafi zama fiye da wanda na bata, don haka kar ku je neman jerin da wani ya shirya, naka hoton ko da shirme ne yafi maka amfani, in ma akwai sunan unguwarku ko fuskar mai shayin layinku a ciki yafi kyau.

Amma hoto kaɗai baya riƙe karatu, kuma nan ne mafi yawanmu muke faɗuwa. Wane alaramma ne zai bar almajiri ya wanke allo yau shikenan sai bayan wata uku? Akwai tilawa da asuba, akwai ta dare, na baya ana ta zagayowa kansa. Wani Bajamushe mai suna Ebbinghaus ya buga bincikensa a 1885, a kansa yayi gwajin, yana haddace gaɓoɓin da ba su da ma'ana yana auna yadda suke zubewa, ya tarar mantuwa tafi gudu a sa'o'in farko da ranar farko, daga nan take rage sauri, kuma in ka rarraba bitar a kwanaki yafi ka narka ta a zama ɗaya. Wannan ai muraja'a ce. Daga baya a 1972 wani mai suna Leitner ya fito da tsarin kati da akwatuna, katin da ka iya ya matsa akwatin gaba ka daɗe baka gan shi ba, wanda ka faɗi ya dawo na farko ka gan shi gobe. Manhajar Anki da 'yan likitanci suke yawan amfani da ita akan irin wannan tunanin take tafiya, amma ko baka da data, kwalin indomi da almakashi da robar ɗaure kuɗi sun isa.

Na san wasu za su ce hadda karatun aku ne, fahimta ake buƙata. Ban musa ba, akwai wanda zai rera maka Alfiyya daga farko har ƙarshe ya kasa yin i'irabin layi ɗaya, kuma gulbi ba zai koya wa ƙanwata inda ake saka gullible a jimla ba, sai ta ci karo da ita a labari, ta rubuta ta da hannunta, ta faɗe ta a hira. Amma fahimtar ma akan me za ta zauna in kalmar bata kai? Malamanmu ai haɗawa suke yi, a haddace matani sannan a zauna gaban malam yayi sharhi. Abin da yake min ciwo shine yara nawa ne yanzu haka suke ɗauka su daƙiƙai ne alhali ba wanda ya taɓa zama ya nuna musu yadda ake riƙe abu, ana dai ce musu je ki yi karatu.

Mun rage 50 ɗin zuwa 10 a rana, ko wacce da hotonta da jimla ɗaya da ta shafi gidanmu, mun yanka kwali mun ɗaure kashi uku. Yau da safe tana shara na jiyo ta tana ce wa autanmu kai dai gullible ne, an ce maka akwai aljani a bayan randa ka yarda.