Layar Alhaji

(Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, a wani ɗan gidan abinci da ke unguwar Bronx a birnin New York. Badamagare, tsohon direban tasi, yana cin tuwo. Bakano ya shigo dafe da ƙirji yana waige-waige.)

Badamagare: A'a, bawana! Lafiya kake dafe da ƙirji? Ko an ci bashinka an gudu?

Bakano: Rage murya. Duba mini, akwai wanda ya biyo ni da 'yar na'ura a hannu?

Badamagare: Duk wanda ke Bronx da na'ura a hannunsa, Alhaji. Waya ake ce mata. Zauna.

(Bakano ya zauna, ya zaro wani ƙunshi daga cikin 'yar shara. Ya kwance safa, ya kwance tsumma, ya kwance leda, sai ga takardar alminiyam tana ƙyalli.)

Badamagare: Tsire ka kawo mini? Yau kuma Bakano ya yi kyauta, lallai tashin duniya ya kusa.

Bakano: Tsiren gidanku. Girin kad ɗina ne, katin zaman dindindin a Amurka. Shekara nawa ina jira yarona ya nema mini, ba irin naku na banza ba da kuka ci a cacar biza.

Badamagare: Haushi kake ji don tun 2013 aka cire Najeriya daga cacar. To me ya yi maka ka yi masa likkafani?

Bakano: Ba ka ji saƙon muryar da ke yawo ba? An ce ɓarayi na shiga jirgin ƙasa da wata na'ura. Mutum ya goge ka kawai, shi ke nan ya zuƙe sunanka, da hoton yatsanka, da kuɗin bankinka, har sunan mahaifiyarka.

Badamagare: Har da bashin da ake bin ka a Kantin Kwari?

Bakano: Da zai kwashe wannan ai da na miƙa masa da hannu biyu. Ka faɗa mini tsakaninka da Allah, ƙarya ne?

Badamagare: Da gaskiya a ciki, amma an zuba mata ruwa. Tun 2010, da suka sake fasalin katin suka maido masa launin kore, suka binne wani ɗan ƙwayar abu a cikinsa da siririyar waya. Ba shi da batir. Barci yake yi sai na'urar karatu ta aiko masa da igiyar rediyo, ya farka ya amsa. Kuma ba sai an goge ka ba, daga nesa ma yana amsawa, har kamar ƙafa 30.

Bakano: Innalillahi! Ka ga ka ƙara lalata zancen.

Badamagare: Tsaya mana. Ka san abin da yake faɗa idan ya farka? Lamba ɗaya tak. Ba suna, ba hoto, ba banki. Lambar nan sai an kai ta rumbun bayanan gwamnati kafin ta zama Alhaji. An yi shi ne don masu shigowa da mota ta iyakar Kanada ko Meziko, jami'i ya ga fayil ɗinka tun kafin motarka ta iso gabansa.

Bakano: To in lamba ce kawai, ina abin tsoro?

Badamagare: Lambar ba ta canjawa. Wanda ya taɓa haɗa ta da fuskarka, duk inda ka gifta kusa da na'urarsa zai san kai ne. A 2009 wani mai bincike ya zaga San Francisco a mota da kayan dala 250, ya karanto lambobin ƙananan katunan fasfo na mutane daga aljihunsu, kuma irin ƙwayar ce. Don haka a rufe shi, amma ba da safa ba.

Bakano: Ni da Meziko ko a mafarki. Abu mai sauƙi, yau zan jefa shi a makarowef na minti ɗaya, ƙwayar ta mutu kowa ya huta.

Badamagare: Ta mutu, ta bar maka tabon ƙuna a katin. Sai ka cike fom I-90 ka nemi sabo. Tun Afrilun 2024, dala 415 ta intanet, dala 465 ta takarda. Sannan ka jira watanni.

Bakano: Dala ɗari huɗu da... tsaya, in an buga da canjin yau...

Badamagare: Kada ka juya shi zuwa naira, ba mu da mai ɗaukar ka zuwa asibiti.

Bakano: To na fasa. Akwai wani baduku a kasuwar Harlem, zan ba shi ya ɗinke mini shi cikin jar fata, in rataya a wuya. Ba ruwa, ba karce, ba ɓarawo.

Badamagare: Madalla. Ranar da jami'i ya ce nuna katinka, sai ka ce ranka ya daɗe, a taimaka da reza. Kuma fata ba ta tare igiyar rediyo, ƙarfe ne ke tarewa. A nan dai takardar tsirenka ta fi badukun.

Bakano: A huda gefensa a sa zare fa?

Badamagare: Ka huda siririyar wayar ke nan. Dala 415.

Bakano: A manne shi da roba a injin, kamar yadda muke yi wa takardar makaranta?

Badamagare: Zafin injin da ƙarin roba a kan katin gwamnati? Su ce ka taɓa shi. Dala 415.

Bakano: Kai, ko da kai ake raba kuɗin nan ne? Shi ke nan, ya zauna a gida ƙarƙashin katifa, in riƙa yawo da kwafi.

Badamagare: Doka ta ce duk wanda ya kai shekara 18 ya riƙe na ainihin a jikinsa kullum, in ba haka ba tara ko ɗaurin da zai iya kai kwana 30. Kwafin shi ne na katifa, saboda ranar da na ainihin ya ɓace. Kuma in za ka Kano, ka riƙe shi fiye da jakar tsaraba. Ya ɓace a can, jirgi ba zai ɗauko ka ba sai ka biya dala 575 ka je ofishin jakadanci an ba ka takardar dawowa.

Bakano: Wannan kati ne ko amarya? Ba a barin ta a gida, ba a fita da ita tsirara.

Badamagare: Ai da rigarta ta zo. Ranar da wasiƙar ta iso, ba ka ga wata 'yar ambulan daidai girman katin ba, cikinta da shafen ƙarfe? Hukumar shige da fice ce ta haɗo maka, kyauta. Ka zura shi ciki, ka sa a aljihun gaba, kada ka zauna a kai, kada ka manta shi a wando ka kai gidan wanki. Ƙarshen magana. Idan ta tsufa, ana sayar da irinta da araha.

Bakano: Wata 'yar ambulan... mai santsi a ciki?

Badamagare: Ita.

(Bakano ya laluba aljihu a hankali, ya fito da ita. Tsinken sakace ya zubo a kan tebur.)

Bakano: Wallahi tana riƙe su da kyau.

(Hajiya mai abinci, 'yar Kumasi, ta iso da kwano.)

Hajiya: Alhaji, barka da arziki! Na ga kati ya fito. Hoton ya yi kyau, sai dai hular ce babu.

Bakano: Kin gani? A ina? Ke ma kina da na'urar?

Hajiya: Wace na'ura? A WhatsApp ka ɗora, gaba da baya, ka rubuta Alhamdulillah. Ƙanwata ma ta gani a Facebook.

Badamagare: Gaba da baya! Bawana, suna, lambar baƙo, ranar haihuwa, duk abin da ɓarawon jirgi zai wahala bai samu ba, kai ka raba shi sadaka. Mutum nawa suka gani?

Bakano: 'Yan uwa ne kawai... da abokan kasuwa... da ƙungiyar tsofaffin ɗalibai.

Badamagare: Goge shi yanzu, kafin ka wanke hannu.

Hajiya: Ashe kai ma ɗan 1 ga Janairu ne, kamar rabin masu cin abinci a nan. Amma Alhaji, da kake zuwa kana mini daɗin baki ka ce shekararka 45. Na yi lissafi da abin da ke jikin katin, ya ba ni 61.

Bakano: Hajiya, kuskuren Bature ne! Wajen bugawa suka yi.

Badamagare: Ka yi sa'a. In kuskuren hukuma ne, gyaran kyauta ne, ko sisi ba za ka biya ba. Katin da takardar haihuwarka za ka haɗa musu. Kawo waya in cike maka fom ɗin yanzu.

Bakano: Bar shi haka, kada a wahalar da gwamnati. Hajiya, zuba mini tuwo, malmala biyu, a asusun wannan bawan.